A Bar Mai Karatu Da Gwaninsa

Kwanakin baya na halarci wani zama na masu sha'awar karance-karance. Kafin a shiga batu, mai gabatarwa ya ce kowa ya faɗi marubucin da ya fi so. Aka fara zagayawa. Wannan ya ambaci wani babban masanin falsafa, wancan ya kira sunan wani malamin tarihi, ana ta gyaɗa kai. Da aka zo kan wata budurwa da ke zaune can gefe, sai ta faɗi sunan wata marubuciyar labaran soyayya. Ta ce babu littafin matar da ba ta karanta ba, kuma abin da ke burge ta shi ne yadda take haɗa uwa da 'yarta faɗa a labari, ka gama karantawa ba ka iya cewa ga mai gaskiya a cikinsu ba.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya juyo ya ce mata, "'Yata, ai marubuci aka tambaye ki. Waɗannan tatsuniyoyin me za ki ƙaru da su?" Ta sunkuyar da kai, har aka tashi ba ta sake cewa uffan ba.

Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. A duk waɗanda suka yi magana, ita kaɗai ce ta faɗi dalilin da ya sa take son gwanarta. Sauran sunaye kawai suka jero, babu wanda ya ce ga shafin da ya taɓa hana shi barci.

Ga matsayina tun daga farko. Karatu don jin daɗi abu ne mai daraja a karan kansa, ba sai an nemo masa hujja ba. Marubucin da mutum ya fi so, ko wane ne shi, shi ne ya fara mai da mutumin mai karatu, saboda haka bai kamata a wulaƙanta shi a gabansa ba. Wanda aka kunyata a kan littafin da yake so ba ya komawa gida ya ɗauki wanda ya fi shi nauyi. Yawanci ajiye karatun yake yi gaba ɗaya, ko kuma ya koma yin sa a ɓoye.

Abin da ake ji in an samu gwani

Wanda bai taɓa samun marubucin da ya kama masa zuciya ba, da wuya ya gane abin da ake karewa a nan. Bari in ɗan tsaya a kansa.

A miƙo maka littafi babu bango, ka karanta layi uku, ka ce wannan ai wane ne ya rubuta. Kana gane shi kamar yadda kake gane takun ɗan gidanku tun kafin ya yi sallama. Wani marubucin gajerun jimloli gare shi, yana faɗa yana wucewa. Wani sai ya ja maka rai shafi biyar kafin ya gaya maka abin da ke cikin wasiƙar da aka buɗe. Wani kuma ba ya barin mugun labarinsa ya tafi sai ya nuna maka wani abin tausayi a tare da shi. Sabo da wannan murya babban ɓangare ne na daɗin karatu, kuma ba a samun sa da littafi ɗaya. Sai an bi mutum daga wannan littafi zuwa wancan.

Sai kuma abin da jiki ke ji. Dare ya raba, ka ce babi ɗaya ya rage in kwanta. Ka gama shi, ka ce bari in leƙa farkon na gaba kawai. Can sai yatsunka su fara jin shafukan da suka rage suna sirancewa, ka rage gudu da gangan don ba ka son a rabu. Ka kai ƙarshe, ka rufe, ka yi shiru kana kewar mutanen da ba a taɓa haifa ba. Washegari ka ga wani yana ciniki ko yana masifa a hanya, zuciyarka ta ce wallahi wannan shi ne wane na cikin labarin nan.

Ni gwanina Abubakar Imam ne. Ina yaro don dariya nake karanta shi. Rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja ya ishe ni nishaɗi, wannan ya haɗa wa wancan tarko, wancan ya sami hanya ya rama. Da na girma na koma masa, sai na tarar da abin da idon yaro bai gani ba, wato yadda yake jera magana babu kalmar da za ka cire jimla ba ta rame ba, da yadda kake karantawa da ido amma kunnenka na jin muryar mai ba da labari. Littafin bai canza ba, amma ya ba ni abu biyu a shekaru biyu daban na rayuwata. Da an hana ni na farkon, da ban taɓa isa ga na biyun ba.

Kuma a duba yadda ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930. Sarki ya tafi yaƙi, makirci na jiran ɗansa Musa a waje, aku kuma yana riƙe yaron da labari dare bayan dare har gari ya waye. Da umarni kaɗai aka dogara, da Musa ya daɗe da ficewa. Daɗin labari ne ya zaunar da shi. Haka Shahrazad ta Alfu Laila wa Laila, wadda ke katse labarinta da asuba a daidai inda sarki ya fi matsuwa ya ji ƙarshe. Masu wannan sana'a tun fil azal sun san cewa sai mai sauraro ya so ya ji ci gaba kafin wani darasi ya shige shi.

"Me za ka ƙaru da shi?"

Babu tambayar da ta kashe wa yara gwiwar karatu kamar wannan. Masu yin ta suna da dalilinsu, kuma ban raina shi ba. Lokaci kaɗan ne, ga jarrabawa, ga neman na kai, ga littattafan addini da na sana'a da mutum bai ko buɗe ba.

Amma a duba yadda iya karatu ke samuwa. Ba a ƙwarewa a karanta rubutu da sauri da fahimta sai an ci dubban shafuka, kuma babu yaron da zai ci dubban shafukan da ba ya so. Littafin makaranta ana karanta shi ne gwargwadon abin da malami ya ce zai fito a jarrabawa. Labari kuwa yaro da kansa ke neman ƙari, har ya bi abokinsa yana roƙon aron na biyu. A nan ido ke sabawa, kalmomi su taru, hankali ya koyi zama wuri guda na awa biyu. Ranar da aka miƙa masa littafin kimiyya ko na fiƙihu, da wannan juriyar zai shiga.

An ma auna abin. A 2013 wasu masu bincike biyu a Landan, Alice Sullivan da Matt Brown, sun bi diddigin mutum kusan 6,000 da aka haifa a Birtaniya a 1970. Suka gano cewa yaran da ke karatu don nishaɗi sun fi sauran ci gaba tsakanin shekara 10 zuwa 16 a sanin kalmomi da rubuta su daidai, har ma da lissafi. Tasirin wannan ɗabi'a a kan ci gaban yaro ya zarce tasirin zurfin karatun iyayensa. Ɗan talakan da ke son labari yana da wani abu a hannunsa da zai iya cike masa giɓi.

A ɗaya gefen kuma, rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A irin wannan duniya, in ka ga yaro ya duƙufa a kan littafi da son ransa, kamata ya yi ka gode wa Allah ka nemo masa na biyu.

Masu ganin nishaɗi da ilimi ba sa haɗuwa su tuna da Jahiz, malamin Basra na ƙarni na 9. An ruwaito cewa yakan yi hayar shagunan masu sayar da littattafai ya kwana a ciki yana karatu. Mutumin da ya yi rubutu mai zurfi a kan balaga da halayen dabbobi, shi ne kuma ya zauna ya rubuta littafi guda a kan labaran marowata masu ban dariya, kuma da gangan yake cakuɗa raha da magana mai nauyi don kada mai karatu ya gaji. Bai ga ƙasƙanci a cikin faranta wa mai karatu rai ba.

Ko da ma babu bincike ko ɗaya, matsayina ba zai canza ba. Mutum na kwashe awa biyu yana kallon ƙwallo, babu mai tsare shi ya ce me ka ƙaru da shi. Mai littafin labari a hannu kaɗai ake sa wa wannan sharaɗi. Wanda ya yini yana fama, ya samu rabin awa da dare ya shiga wata duniya ya fito zuciyarsa ta yi sanyi, ya ƙaru. Ba sai ya kawo wa kowa shaida ba.

"Ai waɗannan ba adabi ba ne"

Wannan ƙorafin na masu ilimi ne, kuma shi ya fi ciwo, domin daga bakin waɗanda ake girmamawa yake fitowa.

Tarihin littafi cike yake da abin da aka raina jiya ake nazarinsa yau. Thomas Bodley, wanda ya kafa shahararren ɗakin karatun Jami'ar Oxford da aka buɗe a 1602, ya gargaɗi mai kula da ɗakin kada ya cika masa kantoci da littattafan wasan kwaikwayo, don a ganinsa tarkace ne. A daidai lokacin Shakespeare yana raye yana rubuta wasanninsa. Charles Dickens, marubucin Ingila, ya yi suna ne daga 1836 da labarin da ake fitarwa kashi-kashi duk wata, jama'a na ɗokin fitowar na gaba, kamar dai yadda masu karatu a yau ke jiran marubuciyarsu ta saki sabon babi a waya. Yanzu a kansa ake rubuta kundin digiri.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma da irin wannan kallo ya fara. Lokacin da Rupert East, wani Baturen jami'in ilimi, ya shirya gasar rubutu a 1933, ya sha fama kafin ya shawo kan masu ilimin wancan zamani su yarda cewa ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da malami. Daga gasar nan aka samu Ruwan Bagaja, aka samu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firaministan Nijeriya. Littattafan da a yau ake kafa hujja da su a raina na zamani, su ma sai da aka yi jayayya a kan ko sun cancanci a rubuta su.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, cikin jerin littattafan da masana da yawa suka ɗauka na kasuwa ne kawai. Labarin Rabi ne, matar da mijinta ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, da yadda ta tsaya da ƙafarta. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassararsa ta Ingilishi, mutanen wasu nahiyoyi suka karanta. Matan da suka riƙa karɓar aronsa hannu da hannu tun farko ba su jira wani farfesa ya ce musu yana da kyau ba. Su suka fara gani.

Ban ce duk abin da aka buga mai kyau ne ba. Akwai rubutun gaggawa, akwai wanda ƙa'idar rubutu ba ta dame shi ba, akwai labari ɗaya da ake sauya wa sunaye ana sake fitarwa. To amma wa ke gane haka? Wanda ya karanta hamsin. Shi ne wata rana zai ajiye littafi a tsakiya ya ce wannan na san ƙarshensa, ina son wani abu daban. Da rarrafe yaro kan tashi. Najib Mahfuz na Masar, marubucin Larabci na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1988, ya faɗa da bakinsa cewa labaran binciken masu laifi ne suka fara jan sa zuwa karatu yana ɗan makaranta. Da wani ya fizge littafin daga hannunsa a lokacin ya ce wannan ba adabi ba ne, Allah kaɗai ya san abin da duniya za ta rasa.

Maganar tarbiyya

A nan dole a yi gaskiya. Akwai littattafan da batsa ce zalla aka lulluɓe da sunan labari, akwai masu ƙawata zalunci, kuma uwa ko uba na da cikakken haƙƙin hana ɗansu ƙarami karanta su. Ba na jayayya da wannan ko kaɗan.

Inda na rabu da mutane da yawa shi ne yanke hukunci daga bango. Uba ya ga hoton mace a bayan littafi, ko ya ji kalmar soyayya, shi ke nan ya haramta duk wani labari a gidansa, alhali bai karanta shafi ɗaya ba. Yarinya kuma ba ta daina ba, ta dai koma ƙarƙashin bargo da waya, inda babu mai tace komai, kuma yanzu ba za ta taɓa zuwa ta tambayi kowa abin da ya ɗaure mata kai ba.

Na san wata uwa da ke yin wani abu mai sauƙi. In ta ga littafi a hannun 'yarta sai ta ce, "In kin gama ki ba ni." Ta karanta, sannan wata rana suna aiki tare ta ce, "Ni fa yarinyar nan ta labarin ta ba ni haushi. Ke a ganinki me ya sa ta yarda da maganarsa?" Daga nan hira ta ɓarke. A cikin hirar mutanen labari ta gaya wa 'yarta abubuwan da in da kai tsaye ta faɗa, da kunya ta hana su duka biyun. Littafin da ta ga bai dace ba kuma takan faɗi dalili, ta kawo wani a madadinsa. Wannan ya fi wahala a kan hani, domin sai babba ya zauna ya yi karatun shi ma.

Wanda ya maƙale wa marubuci ɗaya

Wasu kuma cewa suke yi son marubuci ɗaya na rufe ido. Akwai ƙamshin gaskiya, so hana ganin laifi ne. Za ka ga mai karatu yana kare littafin gwaninsa mafi rauni kamar an taɓa danginsa.

Sai dai littattafan kowane marubuci suna ƙarewa. Ranar da mai karatu ya gama na ƙarshe, ƙishirwar ba ta tafi ba, dole ya nemi wani. A wannan gaɓar ce mai ilimi ke da amfani. "Tunda kina son yadda wance ke rubuta rikicin cikin gida, gwada wannan, shi ma a nan ya ƙware." Jimla ɗaya irin wannan ta fi lacca goma a kan lalacewar adabi. Kuma kowane marubuci yana da waɗanda shi ma ya karanta. Wanda ya bi sawun Imam zai tarar da kansa a cikin labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, domin daga can ya ɗebo da yawa ya mai da su Hausa.

Haka nake kallon masu karatu a waya da masu sauraron littafi ana karanta musu. Ni na fi son takarda, don waya tana da masu katse ka kowane minti. Amma direban da ke sauraron labari a doguwar tafiya, ko wanda idonsa ya raunana, ko wadda ba ta samu zuwa makaranta ba, duk suna da gwanayensu, kuma suna iya gaya maka inda marubuci ya yi ƙoƙari da inda ya yi kasala. Ba ni da hurumin cire su daga sahun masu karatu.

Abin da nake roƙo

Matsalar da ke gabanmu ta ƙarancin masu karatu ce. Hatta a Birtaniya, inda littafi ba ya wuyar samu, binciken da ƙungiyar National Literacy Trust ta yi a 2025 ya nuna kusan ɗaya cikin uku ne kawai na yara 'yan shekara 8 zuwa 18 suka ce suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu, adadi mafi ƙanƙanta tun da ta fara tambayar a 2005. Bidiyon daƙiƙa talatin na cinye lokacin da a da labari ke samu. Duk wanda ya rage yana karanta littafi daga farko har ƙarshe don yana so, bai kamata mu ne za mu kore shi ba.

Ga malaman makaranta, a ware ko rabin awa ne a mako, kowane ɗalibi ya ɗauki littafin da ya ga dama daga cikin waɗanda suka dace da shekarunsa. Kada a yi jarrabawa a kai, kada a ce ya rubuta darussa biyar da ya koya. In ya fara littafi bai yi masa ba, a bar shi ya ajiye ya ɗauki wani. Malamin ma ya zauna a gabansu da nasa littafin yana karantawa, yara su ga babba yana yi don yana so.

Ga iyaye da yayye da duk wanda ake jin maganarsa, in yaro ya ambaci gwaninsa, a tambaye shi me ya faru a labarin, wa ya fi ba shi tausayi, a ina ne ya kasa ajiyewa. In ba ka san marubucin ba, ka karɓi aron littafi ɗaya ka karanta kafin ka ce komai a kansa.